Bindigar farko a Amurka: amsa ga mai son sayen AR-15

Wani ɗan'uwa da ke zaune a jihar Texas ta Amurka ya aiko da tambaya. Yana da katin zama na dindindin, yana da mata da yara biyu ƙanana, kuma bai saba da bindiga ba sai ɗan abin da ya gani ranar da abokan aikinsa suka kai shi filin koyon harbi. Ya ware kimanin dala 1,200, yana son bindiga mai ƙirar ta sojoji don koyon harbi da tsaron gida. Tambayarsa ita ce: AR-15 zai saya ko AK, kuma ta wane kamfani?

Malam, barka da ƙoƙari, kuma ka yi daidai da ka tambaya kafin ka shiga shago. Shawarata a matsayina na mai koyar da sababbin hannu ita ce ka sayi AR-15 marar ado, mai bututu inci 16, wadda aka buga 5.56 NATO, wato sunan harsashin da take ɗauka, a jikin bututunta, ta kamfanin da aka sani. Kada kuɗinta ya wuce dala 600 zuwa 750 daga cikin abin da ka ware. Ragowar na akwatin ajiya ne, da kuɗin horo, da harsashin gwaji. Mafi yawan sababbin da nake gani sukan zuba kuɗinsu kaf a kan bindigar, su dawo gida ba wurin kulle ta, ba ilimin riƙe ta.

Amma kafin a zo kan ƙarfe, mu fara da doka, domin nan ne baƙo ya fi saurin faɗawa rami. Dokar tarayya ta yarda mai katin zama na dindindin ya sayi bindiga kamar yadda ɗan ƙasa zai saya. Wanda ya shigo da bizar karatu, ko ta ziyara, ko ta aiki na wucin gadi, an hana shi mallaka, sai a wasu 'yan yanayi da doka ta keɓe, kamar wanda yake da lasisin farauta mai aiki. Wanda ba shi da takardun zama kuwa, ko riƙe ta laifi ne. Na kawo wannan ne saboda na san masu karanta amsar nan ba duka ne suke da irin takardarka ba. A shagon da ke da lasisin tarayya za a ba ka fom mai lamba 4473 ka cike, sannan a tura sunanka ga tsarin binciken da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998. Ka karanta kowace tambaya a tsanake. Akwai ta shan wiwi da sauran ƙwayoyi, akwai ta ko an taɓa yanke maka hukunci kan dukan iyali, akwai ta ko kai ne ainihin mai sayen. Ƙarya a kan fom ɗin nan babban laifi ne. Idan wani aboki ya ce ka saya masa da sunanka don shi ba za a sayar masa ba, ka ce a'a ko da ɗan ɗakinku ne. Wata dokar tarayya ta 2022 ta sa hukuncin wannan zai iya kai shekara 15 a kurkuku. Kai kuma da ba ka zama ɗan ƙasa ba tukuna, laifin da ya shafi bindiga yana cikin abubuwan da ke sa a ƙwace katin zama a mayar da mutum gida.

Jihohi kuma kowacce da nata. Texas ba ta neman wani lasisi na daban don sayen doguwar bindiga. Amma Kalifoniya, New York, New Jersey, Maryland, Massachusetts, Connecticut, Illinois da Washington duk sun hana ko sun taƙaita sayar da irin wannan ƙirar, kuma da yawansu sun ƙayyade magazin, wato gidan harsashi, kada ya ɗauki fiye da harsashi 10. Idan aiki ya mayar da kai ɗaya daga cikinsu, ka bincika dokar can kafin ka loda kaya a mota. Abin da yake halal a Houston yana iya zama laifi da zarar ka tsallaka iyakar wata jiha.

Ita kanta bindigar, injiniya Eugene Stoner da abokan aikinsa ne suka ƙera ta a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950. A 1959 aka sayar wa kamfanin Colt haƙƙin ƙirar, sojojin Amurka suka karɓe ta da sunan M16, Colt kuma ya fara sayar wa farar hula tasu a 1964. Da wa'adin haƙƙin mallakar ya ƙare a ƙarshen shekarun 1970, sai kamfanoni da dama suka shiga ƙera ta, shi ya sa yau za ka ga sunaye barkatai a kan bindiga iri ɗaya. Ta farar hula tana kama da ta soja a ido, amma aikinsu ya bambanta: taka tana ɗura wa kanta harsashi na gaba, sai dai duk jan kunama ɗaya harbi ɗaya ne. Ta soja tana da maɓallin da ke sa ta yi ruwan harsashi. Tun 1986 aka rufe ƙofar sayar wa farar hula sababbin bindigogi masu ruwan harsashi, kuma duk wani ɗan ƙarfe da za a tallata maka a intanet cewa yana mayar da taka haka, mallakarsa kaɗai ta isa ta kai ka gidan yari.

Na fahimci dalilin da ya sa AK ta zo maka a rai. Ita muka tashi muna gani a kafaɗar 'yan sanda a shingen hanya, kuma sunanta na juriya gaskiya ne. Sai dai a kasuwar Amurka lissafin ya juya. AK mai kyau, irin WASR-10 ta Romaniya ko ZPAP M70 ta kamfanin Zastava na Sabiya, kuɗinta ya kai ko ya wuce na AR-15 ta masu farawa. Arhar harsashinta ma ta tafi tun da gwamnatin Amurka ta hana shigo da harsashin Rasha a 2021. AK ta fi nauyi, shurinta a kafaɗa ya fi ƙarfi, maɓallin kariyarta babban ƙarfe ne da yawancin mutane sai sun saki riƙo kafin su kai gare shi, ɗora mata na'urar saiti kuma aiki ne. AR-15 nauyinta kusan kilo 3 ne, shurinta kaɗan ne, maɓallin kariya yana daidai babban yatsa, gindinta kuma ana ja ana turawa ya dace da tsawon hannun mai riƙe ta, ko kai ko maiɗakinka. Kayan gyaranta suna kowane shago. Ga mai koyo a Amurka, ban ga abin jayayya a nan ba.

Yanzu ga abin da za ka duba idan an ɗora maka ita a kan kanta. Fara da bututu. Inci 16 shi ne mafi gajarta da dokar tarayya ta yarda doguwar bindiga ta kasance ba tare da rajista ta musamman ba, kuma shi ne ya fi dacewa da kai. Ka juya bututun ka nemi rubutun da aka buga a jikinsa. Idan ka ga 5.56 NATO, ko .223 Wylde, za ka iya harba harsashin 5.56 da na .223 Remington duka. Idan .223 Remington kaɗai aka rubuta, kada ka sa mata 5.56, domin matsin wutarsa ya fi abin da aka yi mazaunin harsashin don shi. Kusa da wannan rubutun za ka ga 1:7, ko 1:8, ko 1:9. Ma'anarsa zanen da ke cikin bututun yana murɗa harsashi zagaye ɗaya a cikin inci bakwai, takwas ko tara. Sababbi suna ɓata lokaci sosai a kan wannan lamba. Ɗauki 1:8 ko 1:7 ka wuce. Dukansu suna riƙe harsashin gwaji mai lamba 55 gr (lambar nauyin harsashin ce) da kuma masu nauyi irin 62 da 77.

Abu na biyu shi ne hanyar gas. Idan aka harba, wani ɓangare na hayaƙin yana bi ta wani ɗan rami a saman bututu, ya koma baya ta siririn bututu, ya tura ƙarfen da ke fitar da kwanson da aka harba ya ɗauko sabo. Inda aka huda ramin nan yana canja yadda bindiga ke ji a kafaɗa. A kan bututu inci 16, ramin da yake matsakaicin nisa ya fi wanda yake kusa laushin shuri, kuma ba ya gajiyar da kayan ciki da wuri. Idan ka sami mai matsakaicin, ita ce zaɓina. Idan wadda ta dace da aljihunka mai gajeren ce, ba aibi ba ne, miliyoyin irinta suna aiki lafiya.

Na uku, kuma wanda na fi damuwa da shi, shi ne wancan ƙarfen na ciki mai kai da komowa, domin shi ne yake shan wuya a kowane harbi, kuma nan ne kamfanonin banza suke rage kuɗi inda ido ba ya gani. Ka roƙi mai shago ya tabbatar ba harsashi, ya ɓalle bindigar gida biyu, ya zaro maka shi. A samansa akwai wani ɗan bututu da aka ɗaure da sukurori biyu. Ka duba gefen kan kowane sukuru: ya kamata ka ga an danna ƙarfen gefen ya cije kan sukurun daga ɓangarori biyu, alamar ba zai kwance da girgiza ba. Idan kawunan sukurorin suna zaune sumul ba alamar dannawa, mayar masa da kayansa. A takardar bayani kuma ka nemi a ce kan ƙarfen an yi shi da irin ƙarfen da ake kira Carpenter 158 ko 9310, an kuma yi masa gwajin tsagewa da ake rubutawa MPI. Gangar jikin bindigar ta zama alminiyam mai lamba 7075-T6, ba roba ba. Cikin bututu a ce an yi masa rufin da ke hana tsatsa. Waɗannan 'yan abubuwa sun fi launi da zanen kamfani muhimmanci nesa ba kusa ba.

Game da sunaye, M&P15 Sport ta Smith & Wesson da AR-556 ta Ruger sun daɗe suna zama bindigar farko ga mutane da yawa, kuma kamfanonin biyu suna karɓar kayansu su gyara idan an sami matsala. Ƙira ta uku ta Sport ɗin, wato Sport III, tana zuwa da matsakaiciyar hanyar gas da zanen 1:8. Palmetto State Armory ta South Carolina ta fi arha, tana kuma aiki, sai dai ka bincika ta da kyau ranar karɓa. Zion-15 ta IWI ta ɗan fi su tsada kuma tana da kyau. Daniel Defense da BCM kaya ne na ƙwarai, amma za su cinye kuɗinka duka ko su wuce, kai kuma a shekararka ta farko ba za ka iya gane bambancin a kan allon harbi ba. Kada ka fara da harhaɗa taka daga sassa, kada kuma ka fara da ta hannu a wurin wanda ba ka sani ba. Farashi yana hawa yana sauka, musamman a shekarun zaɓe, don haka ka zaga shago biyu ko uku.

Akwai shawarar da mutane ba sa son ji, amma ita nake ba duk wanda ya zo mini. Hanya mafi sauri ta iya harbi ita ce ƙaramar bindiga mai harsashin .22, irin Ruger 10/22 da ake ƙerawa tun 1964, ko M&P15-22 wadda maɓallanta suke daidai da na AR-15. Harsashin 5.56 guda ɗaya yana kusan rabin dala, na .22 kuwa 'yan santi ne. Ba ƙara mai firgitarwa, ba shuri, saboda haka mai koyo ba ya kama ɗabi'ar runtse ido da fizgar kunama, wadda in ta kama mutum tana da wuyar saki. Idan kuɗin bai kai na biyu ba, filayen harbi da yawa suna ba da haya. Shirin Project Appleseed na 'yan sa kai yana koyar da harbin doguwar bindiga a ƙarshen mako a jihohi da dama, kuɗinsa kaɗan ne, kuma yawancin ɗalibai da .22 suke zuwa.

Ka lura, bindigogi da yawa yanzu ana sayar da su ba abin saiti a kai. Ko dai ka sayi saitin ƙarfe na gaba da baya, ko na'ura mai jan ɗigo irin ta Holosun ko Sig Sauer Romeo5. Ƙara magazin uku ko huɗu na Magpul, da maratayi, da man shafawa, domin AR-15 ta fi jure datti a kan bushewa. Ka tsaya nan. Ƙarar harbinta ta kai ta lalata ji har abada, don haka a filin da yake rufe ka sa toshiyar kunne ta ciki ka ɗora ta waje a kai, ka sa tabarau. Bayan harbi ka wanke hannu da fuska kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro, saboda ƙurar dalma.

Mu zo kan yaran nan biyu, domin su ne suka fi tsaya mini a rai a duk tambayarka. Alƙaluman cibiyar kula da cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna tun 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a ƙasar kowace shekara su ne suka harbe kansu. Wannan yana nufin haɗarin da ya fi kusa da gidan mai bindiga sau da yawa daga cikin gida yake. Saman kabad ba ma'aji ba ne, ƙarƙashin gado ba ma'aji ba ne. Yaro ɗan shekara huɗu ya san kowane lungu na gidan ubansa, kuma yatsansa ya isa jan kunama. Ka sayi akwatin ƙarfe mai kullewa, ka ɗaure shi da bango ko ƙasa, kuma ya riga bindigar isowa gida. Ka ajiye ta ba harsashi a ciki, harsashin kuma a kulle daban. Dokar Texas ma tana hukunta wanda ya yi sakaci har yaro ƙasa da shekara 17 ya kai ga bindiga mai harsashi. Ka zauna da maiɗakinka ku yi maganar kafin saye. Gidan nata ne ita ma, kuma idan hankalinta bai kwanta ba, ka jinkirta. Idan wani a gidan ya shiga ƙuncin rai, ko zama ya yi tsami tsakaninku, a fitar da bindigar daga gidan zuwa wurin ajiya na halal har ƙura ta lafa. Layin 988 yana amsa kiran masu irin wannan damuwa dare da rana.

Batun tsaron gida kuma yana buƙatar tunani fiye da yadda ake ɗauka. Gidajenmu na can gida bulo ne da siminti. Bangon cikin gidan Amurka kuwa katako ne da allon filasta mai kaurin kusan rabin inci, harsashin da ya kuskure yana ratsa shi ya shiga ɗakin yara ko na maƙwabci. Idan a gidan haya mai hawa kake, ka auna wannan sosai. Kuma ko a Texas, doka tana da sharuɗɗan lokacin da ya halatta a harbi mutum, kotu ce za ta auna su bayan abin ya faru. Ka shiga aji na musamman kan wannan kafin ka ɗauki bindigar a matsayin abin kare iyali. Ƙofa mai ƙarfi, fitilar waje da kiran 911 su ne matakin farko.

Ka'idoji huɗu ne ake koya wa kowa ranar farko, kuma ba a girme musu. Ka ɗauka kowace bindiga akwai harsashi a cikinta. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ka hallaka ba. Yatsanka ya zauna a miƙe a jikin ƙarfe, nesa da kunama, sai saitinka ya hau kan abin harbi kuma ka yanke shawarar harbawa. Ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Mai koyo yakan cire magazin ya ɗauka shi ke nan, alhali harsashi ɗaya yana nan zaune a cikin bututu. Bayan cire magazin sai ka ja ƙarfen baya, ka kulle shi a buɗe, ka leƙa da ido, ka taɓa da ɗan yatsa.

Wata magana ta tsakaninmu. Irin wannan bindiga ce aka kashe yara 19 da malamai biyu da ita a makarantar Uvalde, a nan Texas, a watan Mayun 2022, kuma maƙwabtanka ba su manta ba. Kai baƙar fata ne, baƙo, wataƙila kuma sunanka ya nuna addininka. A 2016 a Minnesota ɗan sanda ya harbe wani baƙar fata, Philando Castile, a cikin motarsa jim kaɗan bayan ya sanar da shi yana ɗauke da bindiga, alhali yana da lasisinta. Don haka ka riƙa ɗaukar taka a cikin jaka a rufe, ba harsashi, a bayan mota, daga gida zuwa fili, daga fili zuwa gida. Idan an tsayar da kai, hannu biyu a kan sitiyari, magana a hankali. Kada ka ɗauki hoto da ita ka sa a Facebook ko TikTok. Mutanenmu a Zamfara, Katsina da Sakkwato suna binne 'yan'uwansu saboda irin waɗannan makamai, hoton ba zai yi musu daɗi ba, kuma yana sanar da ɓarayi abin da ke gidanka. Idan kuma wani daga gida ya roƙe ka ka saƙa masa bindiga, ko magazin, ko harsashi a cikin motar da za ka tura ta jirgin ruwa, ka rufe maganar nan take. Fitar da su daga Amurka ba lasisi laifin tarayya ne, a Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin yaƙi cikin jerin haramtattu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu.

Ranar da za ka fara fita da ita, ka tafi da malami ko wanda ya ƙware, ka sayi harsashin gwaji na 55 gr mai kwanson tagulla. Filayen rufe da yawa ba sa yarda da mai koren kai, saboda ƙarfen da ke cikinsa yana ɓata musu bangon tare harsashi. Ka karanta kwalin kafin ka biya: akwai harsashi mai suna .300 Blackout da ke shiga magazin ɗin AR-15 daidai, yana iya zama a bututun 5.56, kuma idan aka harba shi bindigar tana tarwatsewa a hannun mai ita. Kada ka karɓi harsashin da wani ya miƙo maka a fili ba ka karanta gindinsa ba. Ka fara da harsashi ɗaya tak a magazin, a zaune, bindigar a kan matashi, allon a yadi 25. Idan harbi biyar suka fara taruwa wuri guda, sai ka matsar da allon zuwa yadi 50 ka daidaita saitinka a can.